Herrnhut: Garin 'Yan Gudun Hijira da ya Aika da Bishara ga Duniya

Dattawan da ke shirya wannan littafi na jubili sun ce mini in rubuta labarin wani gari da na ziyarta a ƙasar Jamus, sa'ad da aka aike ni taro can. Na yarda, gama tun ina yaro a makarantar mishan na ji sunan garin daga bakin malaminmu, amma gani ya kori ji. Sunan garin Herrnhut, ma'anarsa kuwa cikin Jamusanci, ƙarƙashin tsaron Ubangiji. Yana gabas da birnin Dresden, cikin ƙasar Saksoni, kusa da inda iyakar Jamus ta gamu da ta Cek da ta Folan.

Da mai masaukina ya tsai da mota ya ce mun iso, sai na yi ta dube-dube. Ina tsammani zan ga babban birni mai dogayen hasumiyoyi. Ashe ƙaramin gari ne, mutum ya iya ratsa shi da ƙafa kafin ruwan shayi ya tafasa. Na tambayi kaina, ƙaƙa wannan ɗan wuri ya aika da masu bishara har Afirka da Amurka da ƙasar ƙanƙara? Amsar da na samu ita ce na ke so in ba ku.

Asalin mutanen

Tushen labarin yana ƙasar Bohimiya da Morabiya, watau ƙasar Cek ta yau. A can aka yi wani malami, Jan Hus, wanda ya yi wa'azi da harshen mutanensa a birnin Firag, yana koyar da cewa Littafi Mai Tsarki yana gaba da maganar kowane shugaba. Aka kira shi gaban majalisar manyan ekklesiya a Konstanz, aka ƙone shi da wuta ran 6 ga Yuli 1415. Koyarwarsa ba ta ƙone ba. Cikin 1457 waɗansu masu binta suka taru a ƙauyen Kunvald, suka kafa ekklesiya da suka kira Haɗin Kan 'Yan'uwa. Wannan shekara 60 ke nan kafin Martin Luther ya ta da gyaran ekklesiya a Jamus cikin 1517. Suka yi yawa, suka gina makarantu, suka juya Littafi Mai Tsarki cikin harshensu.

Cikin 1620 aka ci Furotesta na Bohimiya da yaƙi kusa da Firag. Bayan wannan aka hana sujadarsu, aka kori fastocinsu, aka ƙone littattafansu. Dubbai suka bar ƙasar, har da bishof ɗinsu Comenius, wanda ya mutu baƙo a Holan cikin 1670. Waɗanda suka rage suka ɓoye Littafinsu, uba yana karanta wa 'ya'yansa da dare a asirce. Haka suka zauna shekara ɗari, kamar iri a cikin busasshiyar ƙasa yana jiran damina.

Itacen fari

Akwai wani kafinta, sunansa Christian David, mutumin Morabiya. Ya sami bangaskiya a Jamus, ya riƙa komawa gida a ɓoye yana ƙarfafa 'yan'uwa. Suka roƙe shi ya nema musu wurin da za su yi sujada a fili. Ya gamu da wani saurayi basarake, Nikolaus Ludwig von Zinzendorf, wanda aka haifa cikin 1700. Zinzendorf ya yi karatu a makarantar Halle, inda ya ji labarin masu bishara na fari da suka tafi Indiya cikin 1706, abin kuwa ya zauna a zuciyarsa. A lokacin bai daɗe da sayen ƙasar ƙauyen Berthelsdorf ba. Ya ce su zo.

Mutum goma suka fara fitowa, iyalan waɗansu 'yan'uwa biyu maƙeran wuƙaƙe, masu suna Neisser. Da dare suka bar gidajensu da gonakinsu, suka ratsa duwatsu da 'yan yara a hannu. Wakilin Zinzendorf ya nuna musu wani fili a bakin hanya, kusa da tudun Hutberg, jeji ne da fadama. Ran 17 ga Yuni 1722 Christian David ya sa gatari ya sare itacen fari, yana ambaton Zabura 84, inda aka yi maganar tsuntsuwa da ta sami wurin sheƙarta. An kafa dutse a wurin domin tunawa. Mai masaukina ya kai ni, muka tsaya cikin inuwar itatuwa. Na tuna da tsofaffinmu waɗanda danginsu suka kore su saboda sun karɓi baptisma, suka zo suka kafa bukkoki a bayan gidan mishan.

Zo mu zauna, zo mu saɓa

Labari ya bazu cewa akwai mafaka a Herrnhut. Mutane suka yi ta zuwa, har cikin shekara biyar suka kai wajen 300. Amma ba bakinsu ɗaya ba. Akwai 'yan Morabiya masu son al'adar kakanninsu, akwai mabiyan Luther, akwai mabiyan Calvin, akwai waɗanda suka ƙi kowace ekklesiya. Kowa ya sha wuya saboda abin da ya gaskata, domin wannan ba wanda ya yarda ya sassauta. Suka yi gardama a kan Jibin Ubangiji, da zaɓen Allah, da tsarin sujada. Wani mutum mai suna Krüger ya zo ya ce faston Berthelsdorf, Rothe, annabin ƙarya ne, Zinzendorf kuwa shi ne dabban nan na Ru'ya ta Yohanna. Mutane da yawa suka bi shi. Christian David kansa, wanda ya sare itacen fari, ya fita ya gina ɗakinsa a gefe, ya haƙa tasa rijiya, don kada ya sha ruwa ɗaya da sauran.

Ku dubi wannan da kyau. Mutanen da suka tsira daga hannun masu tsananta musu, ga su suna cin naman juna a wurin da ba mai tsananta musu.

Zinzendorf yana da iko ya kore su duka, gama ƙasarsa ce. Bai yi haka ba. Ya ɗauki hutu daga aikinsa a fādar Dresden, ya tare a Herrnhut, ya riƙa shiga gida gida, yana zama da kowa, yana jin kukansa, yana buɗe Littafi tare da shi. Ran 12 ga Mayu 1727 ya tara su, ya karanta musu sharuɗɗan zaman 'yan'uwantaka. Babban abin da ke ciki shi ne su bar jayayya a kan abin da ya raba su, su zauna da ƙauna da dukan 'ya'yan Allah. Suka ba da hannu suka yi alkawari, aka zaɓi dattawa 12. Suka rabu ƙungiya ƙungiya, mutum kaɗan kaɗan, suna taruwa su faɗi laifofinsu ga juna. Suka karanta wasiƙar Yohanna ta fari tare. A wannan lokaci kuma Zinzendorf ya sami littafin Comenius na tsarin tsohuwar ekklesiyar 'Yan'uwa a ɗakin littattafai na Zittau, ya ga sharuɗɗansu sun yi kama da na kakanninsu. Da ya gaya musu, suka yi murna ƙwarai.

Ran Laraba, 13 ga Agusta 1727, fasto Rothe ya kira su Jibin Ubangiji a majami'ar Berthelsdorf. Tun a hanya waɗanda suka daɗe ba sa magana suka soma roƙon gafara ga juna. A cikin majami'a Zinzendorf ya durƙusa ya yi addu'ar tuba a madadin jama'a, kuka ya rufe waƙa. Waɗanda suka halarta sun shaida cewa daga ran nan suka koyi ƙaunar juna. Har wa yau ekklesiyar Morabiya ko'ina cikin duniya tana kiyaye wannan rana kamar ranar haihuwarta ta biyu.

Na bi hanyar nan da ƙafata, daga Herrnhut zuwa Berthelsdorf, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, tsakanin itatuwa da gonaki. Ba zan ɓoye muku ba, ban ji daɗin tafiyar ba. Akwai wani dattijo abokin aikina wanda muka saɓa a kan filin majami'a, shekara biyu ke nan gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, muna kuwa cin Jibi a tebur ɗaya. Kowane taki na yi, fuskarsa na ke gani. Na ga ni ma na haƙa tawa rijiya.

Addu'a da aike

Mako biyu bayan wannan Jibi, ran 27 ga Agusta, maza 24 da mata 24 suka raba sa'o'in dare da rana a tsakaninsu, kowa ya ɗauki sa'a guda ta addu'a. Waɗansu suka ƙaru a kansu, wannan tsaro kuwa bai yanke ba fiye da shekara ɗari. An sāke ta da shi cikin 1957, yanzu ekklesiyoyinsu na ƙasashe dabam dabam ne ke karɓa bi da bi. Cikin 1728 kuma aka soma zagawa gida gida kowace safiya da aya guda ta ranar. An fara buga ayoyin cikin littafi a 1731, ba a kuwa fasa ba ko shekara ɗaya. Har yanzu a Herrnhut a ke fid da ayoyin Tsohon Alkawari da ƙuri'a, a juya littafin cikin harsuna fiye da 50.

Cikin 1731 Zinzendorf ya tafi Kopanhagan wajen naɗin sarkin Danmak. A can ya gamu da wani baƙin mutum, Anton Ulrich, wanda ya yi bauta a tsibirin San Tomas cikin tekun Karibiyan. Anton ya zo Herrnhut, ya faɗa wa jama'a wahalar bayi a gonakin rake, ya ce 'yar'uwarsa da ɗan'uwansa suna can ba su taɓa jin bishara ba. Ku lura, bakin ɗan Afirka ne ya kira su. Wani saurayi maginin tukwane, Leonhard Dober, ya kasa barci, ya ba da kansa. Jama'a ba su yi gaggawa ba, sai da shekara ta kewayo suka sallame shi. Ran 21 ga Agusta 1732, da asuba, ya fita tare da David Nitschmann, kafinta. Kuɗin da ke hannunsu kaɗan ne, yawancin hanyar Kopanhagan kuwa da ƙafa suka yi ta. Suka sauka San Tomas ran 13 ga Disamba. An sha faɗi cewa sun sayar da kansu bayi. Gaskiyar ita ce sun ce a shirye su ke su yi haka, amma ba a yi ba. Da aikin hannunsu suka ci abinci.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Cikin 1733 Christian David, mai rijiyar nan, ya ja waɗansu zuwa Girinlan. Cikin 1734 mutum 18 suka tafi tsibirin Santa Kurus, fiye da rabinsu zazzaɓi ya kashe, waɗansu suka tashi suka maye gurbinsu. Cikin 1735 suka shiga Surinam. Cikin 1737 Georg Schmidt ya sauka a Afirka ta Kudu, ya zauna cikin mutanen Khoi, ya koya musu karatu, ya yi wa kaɗan baptisma. Turawan wurin suka ƙi, ya bar ƙasar cikin 1744. Da waɗansu 'Yan'uwa suka komo cikin 1792, sai suka tarar da wata tsohuwa, Magdalena, tana riƙe da Sabon Alkawarin da ya ba ta, tana tara mutane ana karanta musu. Kafin Zinzendorf ya mutu cikin 1760, 'Yan'uwa sun aiki masu bishara fiye da 200. William Carey, wanda Ingilishi ke kira uban aikin mishan, sai 1793 ya tafi Indiya. John Wesley ma ya ga natsuwar 'yan Morabiya cikin hadari a teku a 1736, ya zo Herrnhut da kansa cikin Agusta 1738 don ya koya.

Sawunsu a Afirka ta Yamma

Akwai wani Christian Protten, an haife shi cikin 1715 a Christiansborg, cikin Akra ta yau. Ubansa sojan Danmak ne, uwarsa 'yar ƙabilar Ga. An kai shi Kopanhagan karatu, ya gamu da Zinzendorf, ya zo Herrnhut. Cikin 1737 aka aike shi Gwalkwas, watau Gana, tare da wani ɗan'uwa wanda ya mutu ba da daɗewa ba. Protten ya sha wahala, zamansa da 'Yan'uwa ma bai yi sauƙi ba. Duk da haka ya koyar da yara a Christiansborg, cikin 1764 kuma ya buga littafin koyon harshen Fante da na Ga. Matarsa Rebeka 'yantacciyar baiwa ce daga San Tomas, wadda aka taɓa sa ta kurkuku saboda aikin bishara cikin bayi. Dukansu biyu a Christiansborg suka mutu, shi cikin 1769, ita cikin 1780. 'Yan'uwan da aka aiko daga Turai cikin 1768 da 1770 zazzaɓi ya ƙare su, aikin ya tsaya.

A idon mutum hasara ce. Amma da mishan na Basel suka zo cikin 1828, su ma suka yi ta mutuwa, sai suka nemi taimako wurin ekklesiyoyin Morabiya na Karibiyan. Cikin 1843 baƙaƙen Kirista wajen 24, jikokin bayi, yawancinsu daga Jamaika, suka sauka Gwalkwas, suka hau Akropong. Da hannunsu aka kafa tushen ekklesiyar Firesbiteriyan ta Gana. Irin da Dober ya ɗauka zuwa yamma ya komo Afirka bayan shekara 111. A yau ma yawancin 'yan ekklesiyar Morabiya a Afirka su ke, galibinsu a Tanzaniya, inda aikin ya soma cikin 1891.

Abin da ba za a ɓoye ba

Ba zan yi muku labarin tsarkaka marasa aibi ba. Cikin 1738 'Yan'uwa suka sayi gona a San Tomas domin su sami wurin taro, tare da bayin da ke cikinta. Shekaru da yawa mishan ɗinsu ya mallaki bayi a tsibiran nan. Zinzendorf da ya je cikin 1739 ya fid da masu bishara daga kurkuku, amma ya gargaɗi bayi su yi biyayya ga iyayengijinsu, bai ce bauta zunubi ce ba. Sun ci Jibi da bawa, sun kira shi ɗan'uwa, ba su kuwa kwance masa sarƙa ba. 'Yan Morabiya na yau sun yarda wannan laifi ne. Na rubuta shi domin mu ji tsoro, gama mutum ya iya yin addu'a dare da rana, zunubin zamaninsa kuwa yana gabansa bai gan shi ba.

Ɗakin sujada da Gonar Allah

Na shiga babban ɗakin sujadarsu. Fari ne fat, bango da kujeru duka. Ba bagadi, ba mumbari mai tsawo, ba hotuna, sai tebur guda inda mai jan sujada ke zama. Sun ce jama'a su ne adon ɗakin. An gina shi cikin 1756 da 1757. Wuta ta cinye shi tare da tsakiyar garin cikin Mayu 1945, a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, suka sāke gina shi, aka koma sujada ciki a 1953, a zamanin mulkin kwaminis na Jamus ta Gabas. Cikin 2024 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. A kantunan garin kuma na ga tauraron nan nasu mai tsini 25 da a ke ratayewa lokacin Kirsimati. Asalinsa daga makarantun kwana ne, inda 'ya'yan masu bishara ke zama shekara da shekaru ba su ga iyayensu ba.

Da yamma muka hau tudun Hutberg, inda makabartarsu ta ke tun 1730. Suna kiranta Gonar Allah, gama sun ce shuka a ke yi a wurin, ana jiran girbi. Kaburbura sun fi 6,000. Kowane da dutsensa a kwance, kusan girma ɗaya, da suna da kwanan wata a kansa, maza a gefe guda, mata a gefe guda, kowa bisa ga ranar da aka kira shi. Na Zinzendorf da iyalinsa ne kaɗai aka ɗaga a tsakiyar hanya. Christian David yana nan, Dober ma yana nan. Tun 1732, kowace ranar Tashin Ubangiji, jama'a kan hau nan kafin fitowar rana da ƙahoni, su yi sujada a tsakiyar matattunsu.

Abin da na komo da shi

'Yan'uwa, a wannan jubili za mu ƙidaya majami'u da makarantu da waɗanda aka yi wa baptisma, daidai ne kuwa mu yi godiya. Amma na sha jin muna cewa, mu kaɗan ne, mu matalauta ne, Turawa sun tafi, wa zai kai bishara gaba? Mutanen Herrnhut kaɗan ne, baƙi ne a ƙasar wani, maƙera da masaƙa da magina. Shekara biyar na fari ba su aiki kowa ba, domin suna faɗa. Shekara biyar bayan sun shirya, suka aiki mutum biyu, daga nan ba su tsaya ba.  Sulhu ne ya shigo, addu'a ta bi bayansa, aike kuma ya bi bayan addu'a.

Mu ma mun san tsagar bangonmu: 'yan gari da baƙi, wannan ƙabila da waccan, gidajen da suka fara tuba da waɗanda suka zo daga baya, maganar baiko da maganar fili. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maƙwabtanmu kuwa suna kallo, sun san wanda ba ya shiga gidan wane.

Da na komo gida, kafin in kwance kayana sosai, na tafi gidan dattijon nan. Na tsaya a ƙofa na yi sallama, ƙafata tana rawa. Ya fito, ya shimfiɗa mini tabarma. Na ce, "Baba, na yi maka laifi, ka gafarta mini." Ya yi shiru da daɗewa, kāna ya kira a kawo ruwa, muka sha a ƙwarya ɗaya. Maganar filin ba ta ƙare ba tukuna, tana gaban dattawa. Amma kowace Laraba da asuba muna addu'a tare, mu biyu.

Roƙona gare ku ke nan. Kafin ranar Jibin jubili, kowa ya tuna da wanda ya daina shiga gidansa, ya tafi da ƙafarsa, kada ya aika. Kowace ekklesiya kuma ta zauna ta raba sa'o'in addu'a, ko da na yini ɗaya ne cikin mako. Sa'an nan mu tambayi Ubangiji ko wane ne a cikinmu zai tashi, da ƙauyen da zai nufa. Allah shi ba mu zuciya ɗaya, shi tsare mu ƙarƙashin tsaronsa. Amin.

Ɗan'uwanku cikin aikin bishara.